Ɗana ba ya jin ƙoshi, mahaifinsa kuma na dukansa

Assalamu alaikum Likita. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri bisa amsoshin da kake ba mu a wannan fili.

Ni uwa ce, kuma malamar kimiyya a wata makarantar sakandare a Kaduna. Na rubuto ne a kan ɗana mai shekara 9, wanda ƙibarsa ta fara hana ni barci. Kwano ɗaya suke ci da yayarsa. Ita da ta ci rabin malmalar tuwo sai ta tsame hannu ta tafi wasa. Shi kuwa zai cinye nasa, ya haɗa da nata, ya suɗe kwanon, kafin a kwashe kwanuka ya leƙo kicin yana tambayar ko akwai ƙanzo. Kuɗin tara duk a fanke da lemon kwalba suke ƙarewa. Yanzu yana minshari, yana haki in ya hau bene, kuma bayan wuyansa ya yi wani baƙi mai kauri da soso da sabulu ba sa fitarwa. Wannan baƙin ya fi komai tayar mini da hankali, domin na san yakan zama alamar jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ga shi ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifina.

A gidan an rabu biyu. Surukata, Hajiya, cewa take yi jikin gidansu ne, yaro mai ƙiba shi ne yaron da ake kula da shi, kuma kullum akwai alewa da cincin a ƙarƙashin filonta dominsa. Maigidana kuma haɗama yake kiran abin. Ranar da ya kama shi yana buɗe tukunya da dare, dorina ya sa masa. Yaron yana kuka yana cewa, "Wallahi Baba yunwa nake ji." Na yarda da shi, Likita.

Dalilina shi ne abin da na karanta. Ƙoshi saƙo ne da ciki da hanji da kitsen jiki suke aika wa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano sinadarin leptin, wanda kitse ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta wadata. Masu ƙiba suna da shi da yawa a jini, amma ƙwaƙwalwarsu ba ta sauraronsa yadda ya kamata. A 2007 aka gano ƙwayar gado ta FTO mai alaƙa da ƙiba, daga baya masu bincike a Landan suka nuna cewa yaran da suka gaji wani nau'inta ba sa saurin jin ƙoshi. An kuma sa matasa cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa a Amurka aka ba su madara mai zaƙi. 'Ya'yan masu ƙiba, tun su kansu ba su yi ƙibar ba, sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran motsawa. Ni da mahaifinsa duk muna da jiki. To in abin da muka gadar masa ke nan, da wane dalili za a doke shi?

Na san gado kaɗai bai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, a 2022 sun kai kashi 20. Jinin mutane bai sauya a shekara 32 ba, abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta ne ya sauya. Hukumar ta fi son kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin ƙaramin cokali 6 a yini, alhali kwalbar lemo ɗaya ta zarce haka.

Abin da nake nema shi ne hanya. Idan na rage masa tuwo, sai ya bi ta bayan gida ya ci a wajen Hajiya ko maƙwabta, ga shi ya fara ɓoye abinci a jakar Islamiyya. Ina tsoron takurawa ta koya masa sata da ƙarya. Shin ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon jin ƙoshi idan aka sauya mata tsari, ko haka zai rayu yana fama? Zan sauya girkin gidan ne gaba ɗaya, har da na yayarsa da ba ta da matsala? Wane gwaji zan nema a asibiti saboda wuyan nan, kuma wajen wane likita?

Sannan ina roƙon ka yi magana kai tsaye da iyaye maza da kakanni a amsarka. Maigidana yana karanta wannan shafi. Abin da na faɗa sau da yawa aka ce boko ne ke ɗibata, wataƙila in ya fito daga bakinka a saurara. Yara a makaranta suna kiran ɗana lukuti, har ya daina fita ƙwallo, ba na so ya dawo gida ma ya tarar da bulala.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taka,
Wata uwa daga Kaduna