Wasiƙa zuwa Yawuri: barcin Inna bayan tiyata

Gusau, Jihar Zamfara

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Na ga saƙonki cewa an sa ranar yi mata aikin ciki, kuma ke za ki zauna jinya. Akwai abin da masu jinya kan manta suna ta hidimar abinci da magani, wato barcin majiyyaci.

Daren farko da na biyu bayan babban aiki, barci guntu-guntu yake zuwa, barcin da ake mafarki a cikinsa kuwa kusan ɓacewa yake yi. Wajen dare na uku sai ya dawo da ƙarfi, wani lokaci har da mafarkin firgita. Wannan kada ya dame ki. Abin tsoro shi ne ruɗewa: ta kasa gane ki, ta riƙa fizgar robar ƙarin ruwa, ko ta yi shiru fiye da kima. Tsofaffi sun fi faɗawa ciki, rashin barci kuma yana ingiza shi. Da kin gani, ki kira nas nan take, kada ki bari a ce iska ce.

Ciwo ne kan gaba wajen hana barci, kuma kin san Inna da alkunya, ba za ta ce uffan ba. Ki riƙa tambayarta: daga 0 (babu ciwo) zuwa 10 (ciwo mafi tsanani), nawa ciwon ya kai? Maganin da aka sha a kan lokaci ya fi wanda aka jira sai ciwo ya yi tsanani. Farasitamol na babba giram 1 ne duk awa 6, ba a wuce giram 4 a yini, kuma likita yakan rage wa marar nauyi ko mai ciwon hanta. Ki roƙa a tsara shi yadda ɗaya zai faɗo wajen ƙarfe 10 na dare. Allurai masu ƙarfi irin su mofin da fentazosin suna sa gyangyaɗi, amma suna rage barci mai nauyi, suna kuma rage numfashi. Bayan an yi mata, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya. Idan bai kai 10 ba, ko tashinta ya yi wuya, ki nemi taimako. In tana minshari har numfashi ya ɗauke, ki gaya wa likitan da zai sa ta barci tun kafin aiki. Don Allah kada kowa ya sayo mata maganin barci a kemis. Baliyam da ire-irensa suna ƙara ruɗa tsofaffi, haɗuwarsu da waɗancan allurai kuma haɗari ne.

A ɗaga kan gadon kamar digiri 30. Ta rungume filo a kan ɗinkin idan za ta yi tari ko juyi.

Barcin dare tun da rana ake shirya shi. Ki buɗe taga haske ya shigo, ta zauna, ta taka da zarar likita ya yarda. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Idan an ba ta izinin ci, goro da shayi su tsaya daga azahar, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarinsu mai hana barci yana nan a jini. In an rubuta mata maganin sa fitsari irin Lasix, ki tambaya ko za a iya ba ta da safe.

Sai ’yan dubiya. Zumunci ne, amma su watse kafin isha, wayoyi kuma a rufe musu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar ɗakin majiyyata da dare kada ta wuce desibel 30, kwatankwacin raɗa ke nan. Ki sayi abin toshe kunne, ki rufe mata ido da kallabi mai tsabta. Ku da ke bakin kogi ba sai na tuna miki gidan sauro ba, sai dai wajen cusa shi ƙarƙashin katifa ki duba kada robar ruwa ta lanƙwashe.

Awon hawan jini da zafin jiki na daren farko ba a tsallake shi. Daga baya, in jiki ya daidaita, ki roƙi nas cikin ladabi ta haɗa awo da magani a zagaye ɗaya, don Inna ta samu awa huɗu zuwa biyar a jere. Ke ma ku raba daren da ƙanwarki.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki kira ni da zarar an fito da ita.

Wassalam,
Taki har kullum.