Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Horas da Ma'aikatan Lafiya kan Ciwon Sukari

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamiti ya ga ya zama wajibi ya rubuto wannan bayani saboda tambayoyin da wasu masu ba da gudummawa suke ta yi game da inda kuɗinsu ya shiga, har ta kai ana raɗe-raɗin cewa kayan alatu muka saya. Haƙƙinku ne ku tambaya, kuma dukkan rasitai suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.

Kamar yadda aka amince tun farko, ba sabon gini muka tayar ba, tsohon ɗakin ajiya na cibiyar lafiya muka gyara. An sauya kwano da silin, an faɗaɗa tagogi, an sa wurin wanke hannu, kafinta kuma ya haɗa tebura da kujeru.

Inda ake ta magana shi ne batun firji da sola. Da farko wani bawan Allah ya ba mu firjin gida kyauta, muka karɓa da murna, aka zuba insulin ɗin da za a yi koyarwa da shi, wato maganin allurar da ke rage sukari a jini. Ba a jima ba wata safiya ma'aikaciyar jinya ta buɗe, ta tarar da kwalaben da suka jingina da bangon baya sun daskare. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kuma da zarar ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke daga baya, sannan ba lallai ne ido ya gane hakan ba. Dole aka zubar da su. Mun yarda cewa sakacinmu ne, domin da mun nemi shawarar mai harhaɗa magunguna tun farko da ba a yi wannan asarar ba.

Wasu daga cikinmu ma sun ce ai ɗakin koyarwa ne, ba kantin magani ba, don haka a haƙura da firjin gaba ɗaya. Bayan doguwar muhawara, rinjaye ya tafi kan cewa ma'aikacin da ya koyi ajiyar insulin a firjin da ba ya riƙe sanyi daidai, abin da zai koma ya yi wa majinyatansa ke nan. Shi ya sa muka sayi firjin magani mai nuna ma'aunin sanyi a ƙofarsa, muka haɗa da farantan sola da batura saboda ɗaukewar wuta. Wannan shi ya cinye kaso mafi tsoka na kuɗin.

Yanzu haka ana amfani da ɗakin. Ana koya wa ma'aikata cewa sukarin da ya kai 126 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini) ga wanda bai karya ba yana nuna alamar ciwon, wanda ya faɗi ƙasa da 70 kuma yana bukatar ɗauki nan take. Ana nuna musu yadda ake sassauya wurin allura don kada fata ta yi kumburi ta hana maganin shiga yadda ya kamata. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 830 ne ke da ciwon a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani.

Muna miƙa godiya ta musamman ga tsohuwar ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauki nauyin batura ita kaɗai, ta kuma hana mu faɗin sunanta, da maginin da ya yafe ladan aikinsa, da shi kansa mai firjin farko, wanda niyyarsa ta alheri ce kuma babu laifinsa ko kaɗan. Allah Ya saka musu da mafificin alheri.

Sai dai ɓangaren duba ƙafa, wanda aka ɗage saboda firjin, har yanzu fili ne kawai. Ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya ci har ya kai ga yanke ƙafar. Ana gano wannan da wuri ta hanyar ɗan siririn zaren roba mai ƙarfin giram 10 da ake danna wa tafin ƙafa, amma sai ma'aikaci ya gwada da hannunsa kafin ya iya. Muna bukatar gadon duba majinyaci, da labule, da fitila mai haske, da waɗannan zarurrukan. Duk wanda Allah Ya hore wa, ya tuntuɓi ma'aji, ko ya kawo kayan da kansa, amma a wannan karon za mu fara nuna wa masana kafin mu karɓa.