Ba wanda ya aike ni: wasiƙa daga Jidda a kan yawon kasuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da wata magana da ta tsaya mini a rai tun watan Sha'aban.

Ɗan wana ne ya zo Umara daga Kano, ya sauka a wurina nan Jidda kwana uku kafin jirginsu ya tashi. Daren Alhamis bayan Isha ya ga na zura abaya na ɗauki jaka, sai ya ce, "Gwaggo, ina zuwa da daren nan?" Na ce Balad za ni, wato tsohon garin Jidda mai kasuwanni. Ya ce me zan sayo. Na ce ba komai, zagayawa kawai zan yi. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, amma wannan ɓata lokaci ne, kuma ƙofar almubazzaranci ce. Shi ya sa a gida ake cewa matan Saudiyya ba su da aiki sai yawon kasuwa." Ya kawo mini hadisin da ke cewa kasuwanni ne wuraren da Allah ya fi ƙi a gari. Ban ja da shi ba, domin baƙonka annabinka, kuma hadisin ingantacce ne, yana cikin Muslim. Amma na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, shi ya sa na ce bari amsar ta bi ta jaridarku.

Na haura shekara talatin a garin nan. Shekarun farko aikin shagala na yi a gidajen Larabawa, girki da wanki da raino, daga baya na samu keken ɗinki na zauna a gida ina gyaran abaya da ɗinka wa matanmu kayan biki. Marigayi maigidana direban wani gida ne. Duk wanda ya yi zaman ƙasar nan da irin aikinmu ya san abu guda: tun daga asuba har dare, ƙafarka ba taka ba ce. Zo nan, je can, jira a ƙofa, dawo da sauri. Ko fita ka yi, aike ne.

Malam, Allah ya jiƙansa, kiwon tattabaru yake yi a saman gidan da muke haya a unguwar Sabil. Ya haɗa musu akurki da katakon kwalin kaya, yana saya musu tsaba daga ɗan abin da ya rage masa. Ranar Juma'a da la'asar sai ya tafi kasuwar tsuntsaye a kudancin gari, ya yi awa uku, sau da yawa ya dawo hannu rabbana. Ya dai ga tattabaru, ya taya, ya yi musu da 'yan Yaman da 'yan Pakistan a kan wace ce ta fi tashi. Wata rana na ce masa, "Malam, wai me kake samu a wurin tsuntsayen nan? Ba ci muke yi ba, ba sayarwa kake yi ba." Ya ce, "Hajiya, duk yini ana ce mini tafi, tsaya, juya. In na hau sama ba mai ce mini komai." Ban taɓa jin wani ya kira kiwonsa almubazzaranci ba. Cewa ake yi Malam mai sha'awar tattabaru ne, kamar yadda a gida ake cewa wane mai sha'awar doki ne, ko ɗan dara, ko mafarauci. Kakana ma har ya tsufa yana ɗinkin hula a ƙofar gida, alhali 'ya'yansa sun ɗauke masa komai. Ba kuɗin hular yake nema ba.

To ni tattabaruna su ne daren Alhamis a Balad. Shi ne fita guda a mako da ba wanda ya aike ni.

Bari in gaya wa wanda bai san wurin ba abin da ake yi. Balad ita ce tsohuwar Jidda, mai dogayen gidajen dutsen teku da tagogin katako da suke kira roshan, wadda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Nakan sauka wajen Bab Makka, in ratsa kasuwar Badu inda masu yadi suke, in gangaro Suk Alawi ta gefen gidan Nasif, in ɓulla titin Gabil. Tafiyar da saurayi zai yi cikin minti ashirin, ni awa biyu take ɗaukata. Nakan tsaya wurin mai kayan ƙamshi in damƙi hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, in shinshina, domin ɗanyen kore mai nauyi daban yake da wanda ya kwana biyu ya koɗe. Nakan sa mai turaren wuta ya ɗora ɗan ɓallin itacen ud a garwashi. Na gaske ƙamshinsa a hankali yake tashi ya daɗe, wanda aka jiƙa da mai kuwa sai ya buge ka nan take ya koma ƙauri. Yadi kuma ba a sanin sa da ido, sai an murza shi tsakanin yatsu an ɗaga shi ga fitila. In tambayi kuɗin mita, a faɗa, in taya, a ƙi, mu yi dariya, in wuce. Akwai wani dattijo Bahadrame, wato mutumin Hadramaut ta ƙasar Yaman, mai shagon yadi da ya san ba kullum nake saye ba, amma da ya hango ni zai jawo kujera ya ce in zauna in ga abin da ya shigo. Shekara ashirin ke nan muna haka. Da zan lissafa abin da na saya a wurinsa, bai kai kuɗin shayin da ya ba ni ba.

Wannan ilimi ne, Edita, ko da ba a makaranta ake koyar da shi ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ba ya sanin kimar sai ya yi ta gani. Duk shekara in alhazanmu sun gama aikin Hajji suka shiga neman tsaraba, ni ake kira. Ni ke gaya musu cewa ajwa ta Madina baƙa ce ƙarama, kada a ba su safawi da sunanta, cewa sukkari daga Ƙasim take zuwa kuma mai laushin ba ta son zafin hanya, cewa yawancin carbi da dardumar da za su ɗauka a ce tsarabar Makka daga Sin ko Turkiyya aka kawo su, saboda haka kada su biya kuɗin da ya wuce hankali. Ni ke kai su Bab Sharif in jallabiya da abaya masu sauƙi suke so da yawa. 'Yan Kano-Jidda ma da suka fi ni jari, wasu sun fara ne da bin irina a baya. Amma kada a fahimce ni a karkace: ba don wannan amfanin nake zuwa ba. Ko ba alhaji ko ɗaya zan je.

Game da hadisin da ɗan wana ya kawo, ni ba malama ba ce, amma na zauna gaban malamai. Abin da na ji suna bayani shi ne ana ƙin kasuwa saboda abin da ke yawaita a cikinta na rantsuwar ƙarya da algus da tauye mudu da mantawa da salla. A cikin Suratul Furƙan kafirai sun yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gorin cewa yana cin abinci yana tafiya a kasuwanni, Allah kuma ya amsa cewa manzannin da suka gabace shi ma haka suke. A surar nan dai, aya ta 67, aka yabi waɗanda in za su kashe dukiya ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Har addu'ar shiga kasuwa an koya mana, kuma da ita nake shiga. Mu da muka fito daga garin da kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yaushe kasuwa ta zama wurin saye kawai? Can ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya dawo daga tafiya. Shi ya sa Bahaushe bai ce sayen kasuwa ba, cin kasuwa ya ce.

A nan kuma akwai abin da mutanen gida ba sa lissafawa. Zafin Jidda da gumin teku ba sa barin mutum ya taka da rana, gidajenmu kuma ɗakuna ne a rufe, babu tsakar gida, babu zaure, babu maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga. Da likita ya ce ina da ciwon suga, lallai in riƙa tafiya, ina zan taka? Da rani manyan kantunan nan masu sanyi irin su Red Sea Mall su ne filin tafiyar tsofaffi. Za ka ga mata sa'o'ina suna zagaye hawa biyu ba ko leda a hannunsu. Ni dai na fi son Balad, domin a mol kuɗin a manne yake jikin kaya, ba taya ba albarka, yaron shagon ma bai san daga ina kayan suka fito ba.

Da mu biyar ne muke fita. Rusau ɗin unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci Sabil, ya ci Kandara da Gulel da wasu da dama, sai muka watse. Ɗaya ta koma Bahra a hanyar Makka, ɗaya ta bi 'ya'yanta arewacin gari, biyu sun tattara sun koma Najeriya. Yanzu abin da ya rage na haɗa ni da ta Bahra shi ne wannan dare. Mukan ƙare da cin balila, wani dafaffen wake irin na Larabawa, a tsaye, ko mu nemi masu tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannun kakanninmu har suna kiran sa siriya. In an hana ni wannan fita, ba sayayya aka hana ni ba.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, tsoron ɗan wana yana da tushe, kuma ni na ɗanɗana. Bayan na fita takabar Malam, wata huɗu da kwana goma a ɗaki, sai na shiga saye ba ji ba gani. Finjalan gahawa saiti shida na tara, ni da ba mai zuwa mini sai mutum biyu. Zannuwan gado, flas, labule. In na miƙa kuɗi sai in ji wani sanyi na minti kaɗan, in na iso gida in ajiye ledar ko buɗewa ba na yi, in zauna in yi kuka. Ƙawata ta Bahra ce ta lura. Wani dare na ɗauki wani tire, ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya, ajiye. Ba tire kike nema ba." A tsakiyar kasuwa muka tsaya muna hawaye mu biyu. Tun daga ranar nake barin katin banki a gida, in saka riyal 50 a jaka, kuɗin mota da na balila a ciki. Da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, dokar nan tawa ce ta rufa mini asiri.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu ba kasuwa ba ne, waya ce. 'Yata ta fari tana aiki, tana da albashinta, kuma ba ta son cunkoso. A kwance take sayayyarta ƙarfe biyun dare. Ga manhajojin nan da ke raba maka kuɗi kashi huɗu, ka karɓi kaya yau ka biya a hankali. Ga rangwamen watan Nuwamba da suke kira Farar Juma'a. Bara sai da rabin albashinta ya riƙa tafiya biyan kashi-kashi har wata huɗu, ga kwalaye a bayan ƙofa wasu ko salatif ba a cire ba. Ban yi mata faɗa ba, domin na gane kwalayen, irin ledojina ne. A kasuwa ƙafa takan gaji ta ce a koma gida, jaka takan yi nauyi, kuɗi kan ƙare a gaban idonki, kiran salla kan katse ciniki, ga kuma ƙawa a gefe mai riƙe hannu. A waya duk babu waɗannan. An cire tafiyar, an cire mutanen, an cire taɓa kaya, an bar biyan kuɗin kaɗai, wanda dama shi ne mafi ƙarancin daɗi a cikin abin. Yanzu nakan ja ta mu tafi tare sau ɗaya a wata. Ranar farko tsaki take ta yi saboda zafi. A fita ta uku ita ta tsaya minti arba'in wurin mai duwatsun zobe tana tambayar bambancin aƙiƙ na Yaman da na roba, ba ta kuma sayi ko ɗaya ba.

Shi ɗan wana har ya tafi bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa masa ba. Na dai lura duk daren da ya yi a gidana sai ya nemi inda zai ga ƙwallon Ingila, ya san sunan kowane ɗan wasa da kuɗin da aka saye shi, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yaro ne mai koyarwa a makaranta, yara sittin a aji, ya cancanci awa biyun da ba mai kiran sunansa. Ina so ne kawai shi da ire-irensa, in sun ga uwa ko gwaggo ta yafa mayafi ta ce za ta zaga Kantin Kwari ba da niyyar sayen komai ba, su tambaye ta me ta gani in ta dawo, maimakon su tambaye ta nawa ta kashe.

Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu, jikar ƙawata ake wa suna a ƙarshen wata, za mu je duba yadin da za a ɗinka wa mai jego. Bahadramen ya aiko cewa wani shuɗi mai duhu ya shigo daga Indiya, ya ajiye mana bandir ɗaya a ƙasan kanta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wata Bakanuwa mai ɗinki,
Jidda, Saudiyya.