Mamana, ga amsar tambayarki kan imel

Assalamu alaikum Mamana. Da hwatan kina lahiya, ya Gwaggonki da yara, ya zahin Tambuwal. Nan Mabera kowa lahiya lau, Innarki na gaishe ki.

Na ga saƙon da kinka turo cewa rijistar JAMB ta matso kuma an ce sai da imel, kina tambaya wane za ki buɗe tunda ƙawayenki kowace da abin da take hwaɗi. Na ƙi yi miki saƙon murya don na san ki, sau guda za ki saurara ki wuce, wanga ko kina iya dawowa ki sake karantawa.

Ki buɗe Gmail. Wayar da ke hannunki Android ce, ita ko Android ba ta da daɗin aiki sai da akawun ɗin Google, ko manhaja ba ki iya saukewa daga Play Store in babu shi, to tunda dole sai kin yi hulɗa da su gara kawai ki haɗa komi wuri guda. Na san akwai wani akawun kan wayar tun lokacin da yayanki ke riƙe da ita, wancan nashi ne, kada ki kuskura ki ba da shi wurin rijista. Tun 2004 Gmail ke aiki, suna ba da 15GB kyauta, amma ki lura wagga 15GB ɗin ba ta wasiƙu kaɗai ba ce, hotunanki na Google Photos da takardun Drive duk cikinta suke ci, tun 2024 ma har ajiyar WhatsApp ta masu Android an sa ta cikin lissahi. In kinka bari bidiyon biki da na suna sunka cika wurin, saƙo ya daina shigowa ke nan, ke kina zaune kina jiran makaranta ta kira ki alhali wasiƙar ta koma inda ta hito. Ki kashe ajiyar bidiyo, hoto ya isa.

Sauran ma ba wai ba su da kyau ba. Outlook na Microsoft ne, shi ne Hotmail na da, shi ma akwatinshi 15GB ne kuma ba ni da ta cewa a kanshi, in nan gaba kina son na biyu don sayayya da shige-shigen intanet sai ki buɗe shi. Yahoo da shi mu munka fara a ma'aikata, har yau wasu abokaina ba su rabu da shi ba, amma ni tun da anka yi musu kutsen 2013 wanda ya shafi akawun biliyan 3, kuma sai 2017 anka san girman ɓarnar, raina bai ƙara kwantawa ba. iCloud sai mai kayan Apple irin su iPhone, 5GB ne ma. Akwai Proton Mail na ƙasar Suwizalan, shi sirri ya sa gaba har kamfanin da kanshi bai iya karanta abin da ke akwatinki, sai dai wurin ajiyarshi na kyauta ɗan kaɗan ne, kuma in kinka manta fasawod ba ki tanadi hanyar dawowa ba tsohin wasiƙunki sun kulle. Wannan na 'yan jarida ne da lauyoyi, ke yanzu mi za ki ɓoye? Duk wanda ya ba ki kyauta dai da talla yake maida kuɗinshi ko da sayar miki da ƙarin wuri, Google sun ce tun 2017 sun daina duba cikin wasiƙu don talla, amma duk da haka abin da ba ki son kowa ya gani kada ki tura shi.

Amma wallahi Mamana ba sunan kamfanin ne ya sa na zauna ina wanga dogon rubutu ba, wanda zai buɗe miki shi ne damuwata. Ki buɗe da hannunki, kan wayarki. Kada ki tahi kafe ki miƙa wa yaro kuɗi ki ce ya buɗe miki, don abin da mahi yawansu ke yi shi ne ga layi ya yi tsawo ga zahi ga janareta na shan mai, sai ya ƙirƙiro wani suna da sauri ya sa lambar wayarshi ya rubuta miki fasawod a 'yar takarda, takardar ta ɓace kahin sati. Kamar ki gina ɗaki ne ki bar makullin hannun magini. Ranar da za ki shiga CAPS, wato shahin JAMB na adimishan, ki duba ko Jami'ar Danfodiyo sun ba ki adimishan, ko bayan shekaru in Allah ya kai mu rijistar bautar ƙasa, sai a ce an tura lamba zuwa wata waya da ba ki san mai ita ba, shago ya tashi, yaro ya koma Kaduna ko ya canza layi. Na ga iyaye da yawa suna wagga zirga-zirga a garin nan, ba na son mu shiga sahu.

Lambar da za ki sa ta zama layinki wanda anka yi wa rijista da NIN ɗinki, shi ne dai wanda za ki tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 JAMB su ba ki lambar furofayil. Wanga layin ki riƙe shi da kyau, ko kin sayi sabo kada ki jefar da shi cikin jaka, ki riƙa sa mishi kati ko na ɗari ne kina kira da shi, saboda in layi ya daɗe a kwance kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, shi kuma wancan duk lambar sirrin da Google za su turo wayarshi za ta shiga. Inda sunka nemi imel na biyu don dawo da akawun ki sa nawa, kina da shi.

Sai suna. Sunanki na takarda za ki sa, yadda yake a NIN, in an riga ki sai ki ƙara lamba biyu ko sunan kakanki. Ban son ganin gimbiya ko 'yar gata ko tauraruwa, wanga adireshin shi za ki rubuta a takardar neman aiki wata rana kuma wani dattijo ne zai karanta. Ɗigo a tsakanin suna ba ya canza komi a Gmail, kada ki ɓata lokaci kanshi. Fasawod kuma ban da ranar haihuwarki ban da lambar wayarki, ki haɗa kalmomi ukku ko huɗu da ba su da alaƙa ki sa lamba a ciki, ki rubuta a littahi ki sa cikin ambulan ɗin da sakamakonki na NECO yake. Ƙawa ba ta da hurumin saninshi, wanda ke zuwa zance ma haka, na hwaɗa miki tun yanzu.

In kin gama ki shiga wurin tsaro ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, za su ba ki lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace na aiki sau guda, su ma ki kwahe su cikin littahin don ranar da waya ta ɓace ko ta hwaɗa ruwa. Duk wanda ya kira ki ko ya turo saƙo wai daga JAMB yake ko wai kin ci tallahin karatu ki karanto mishi lambar da ta shigo wayarki, ɗan damfara ne, ki kashe waya. In dole ta sa kinka shiga imel ɗin a kwamfutar wani, ki tabbatar kin hita kahin ki tashi. Kuma ki riƙa leƙa shi, tun Disambar 2023 Google sunka fara goge akawun ɗin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

In kin buɗe ki turo min wasiƙa ta farko daga cikinshi, ki haɗa da hoton sakamakonki in ga ko kin iya liƙa takarda. Kuɗin rijista zan turo wa Gwaggonki ranar Juma'a in sha Allah, ki ce mata ta raka ki cibiyar CBT, inda ake rijistar, da kanta. Allah ya yi miki albarka.

Babanki.