Kar mu kwaso ruɗanin Turanci mu zuba a Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ƙorafi nake da shi kan masu fassara mana labarai daga Turanci. Ka tuna juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da Janar Tchiani ya kifar da Bazoum. A Turanci ɗan Nijar "Nigerien" ne, ɗan Najeriya kuma "Nigerian", harafi ɗaya tak ya raba su, a baki kuwa in ba ka kasa kunne sosai ba duk ɗaya za ka ji. Nan Aboabo da Asawase a Kumasi ga Zabarmawa ga Kanawa ga Sakkwatawa kowa da danginsa a gida, to in mai karanta labarai ya ɗan yi tuntuɓen harshe sai ka ga bawan Allah yana ta buga waya Kano alhali a Yamai abin ya faru. Hausa kam ta raba gardama tuntuni, ɗan Nijar daban, ɗan Najeriya daban.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "American". Ƙasa ɗaya ta riƙe sunan nahiya sukutum wallahi, alhali tun 1507 aka sa sunan nan a taswira don Amerigo Vespucci, matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya, kuma ɓangaren kudu aka fara kira haka, ita ƙasar Amurka sai 1776 ta shelanta 'yancinta. Mutanen Tabom na unguwar Jamestown a Ankara ta Gana, kakanninsu daga Brazil suka dawo a ƙarni na 19, a lissafin nahiya su ma daga Amurka suka zo, amma je ka faɗi haka a Zango a yi maka dariya, don mu Ba'amurke shi ne mai dala. Ko kofin duniya na 2026 ƙasashe uku ne masu masauki, ƙasar Amurka da Kanada da Meziko, amma sai a rubuta "a Amurka" kawai a wuce.

Haka "Asian", a Ingila galibi ɗan Indiya ko Pakistan ake nufi, a Amurka kuma ɗan Sin ko Koriya. Ga kuma masu mayar da kudancin Afirka ya zama Afirka ta Kudu, sai ɗan Zambiya ya wayi gari an sauya masa ƙasa.

Don Allah Malam Edita a ja kunnen yaranku, in ƙasa ake nufi a rubuta ƙasar Amurka, in nahiya ce a ce nahiyar Amurka.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi