Sarki Pakal ba direban kumbo ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan wani hoto da ke ta yawo a Facebook da WhatsApp. Faffaɗan dutse ne mai sassaƙa, ana cewa wai mutumin da ke jikinsa kumbo yake tuƙawa, wai kuma hujja ce cewa wasu halittu daga wata duniyar ne suka koya wa mutanen Maya, wata tsohuwar al'umma ta kudancin Meksiko da Amurka ta Tsakiya, gini.

Dutsen nan murfin akwatin gawar Sarki Pakal ne na Palenke, wani birnin Maya a kudancin Meksiko, kuma shi ne mutumin da ke jikin dutsen. Ya hau gadon sarauta a shekarar 615 yana ɗan shekara 12, ya mutu a 683. Wani masani, Alberto Ruz, shi ya gano kabarin a 1952, bayan an sha fama da kwashe duwatsun da suka toshe matakalar cikin ginin da kabarin yake. Masu zancen kumbo kwantar da hoton suke yi a kaikaice don sarkin ya yi kama da direba. A tsayar da shi daidai, sai a ga bishiyar da a addinin Maya take haɗa ƙasa da sama, ga tsuntsu a ƙololuwarta, sarkin kuma yana kishingiɗe a bakin lahira. Rubutun da ke gefen murfin ma an karanta shi, zancen kakanninsa ne da ranakun mutuwarsu. Wani marubuci ɗan Suwizalan ne ya yayata tatsuniyar a 1968, har yau ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Haka aka yi lokacin da aka ce wai kalandar Maya ta nuna duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamba, 2012. Kewayayyen dutsen da aka riƙa bugawa a riguna da fastoci da sunan kalandar Maya na mutanen Aztek ne, wata al'umma daban.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙwace wa mutane aikin hannunsu. Mu ma an yi mana: a 1910 wani Bajamushe ya ga sassaƙen Ife ya ce ai ba aikin baƙar fata ba ne. Jikokin Maya kuwa suna nan da miliyoyinsu a Guwatemala da Meksiko da Beliz, suna magana da harsunansu, matansu na saƙar tufafi.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk sanda za ku buga irin wannan hoto, a tsayar da shi daidai, a rubuta sunan mai shi a ƙasa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya