Mota ɗaya ba ta shiga Jurab

Abeshe, daren Talata

Zuwa ga ɗana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, don idon nan ya ƙi ƙaramin rubutu tun bayan azumi. Na hana ta gyara mini magana, saboda haka duk abin da ka karanta daga bakina ya fito.

Jiya bayan la'asar wani direba da ya kawo kaya daga Injamena ya tarar da ni a tasha, ya yi mini barka wai ka samu babban aiki. Ya ce wasu Turawa uku sun ɗauke ka da Land Cruiser ɗinka, za ka kai su yawon buɗe ido ta Musoro da Salal, ku ratsa hamadar Jurab ku faɗa Faya, daga nan Uniyanga, ku gangaro ta Fada da Kalayit, kuna kwana a daji har mako uku. Na ce madalla. Sai na tambaye shi mota nawa ce za ta tafi. Ya ce ɗaya. Na ce waye ɗan jagora. Ya ce babu, wai baƙin sun ce kuɗin ya yi yawa, kuma taswirar hanyar duk tana cikin wayarsu. Ban iya ƙarasa shayin da ke hannuna ba.

Sau biyu ka kira innarka a makon nan, ba ka ce mata uffan ba. Ni kuwa ka san dalilin da ya sa ba ka faɗa mini ba.

Ban hana ka aikin ba, ka ji da kyau. Da sitiyari na ciyar da ku, shekara 22 ina kai gero da sukari arewa ina dawowa da dabino da kanwa, ba zan zo yau in ce hamada haramun ce ba. Kuma wuraren da baƙin ke son gani sun cancanci a gani. Tabkunan Uniyanga guda 18 ne a tsakiyar rairayi, inda shekara ke wucewa ba a ga ɗigon ruwan sama ba, wasu ruwansu gishiri, wasu zaƙi. Ranar da na fara hango su daga kan tudu na sauka na yi raka'a biyu. Haka tafkin Arshe a cikin duwatsun Enedi, inda raƙuma ke shiga ɗari-ɗari suna kuka dutse na amsawa, ga 'yan kadojin da suka rage a ruwan. Tun da UNESCO ta sa Uniyanga a jerinta na wuraren gadon duniya a 2012, ta sa Enedi a 2016, baƙi ke ta zuwa, abinci ya buɗe wa irinku. Ka ci rabonka, Allah ya sa albarka.

Sauran ilimin hanya kuwa ka san shi, a cinyata ka koya. Da kwalta ta ƙare ka fara kula da iskar taya, in ka shiga rairayi mai laushi ka sauke ta zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu, in ka fita kan tsakuwa ka mayar kafin duwatsu su yanka maka gefe. Tudu da sassafe ake hawansa, rairayi na da sanyi yana da ƙarfi, da rana tsaka kuwa gari yake zama. In mota ta fara nutsewa ka ɗaga ƙafarka, shebur da farantin ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashin taya su yi aikin, kada ka ƙone kuloci a banza. Man da za ka saya a durom a Faya ka tace shi da ƙyalle. Lissafin man da ka saba yi a kwalta ka ninka shi. Kada ka sauka kwana a cikin kwari, kada ka kafa tanti a bakin rijiya, rijiya tana da masu ita kuma raƙumansu da dare suke zuwa. Ku kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. Ka faɗa wa baƙin su zo da barguna na gaske, sanyin Janairu a Enedi yana shiga ƙashi. Alwala kuwa ka bar wa taimama.

Tsakanin Faya da Uniyanga za ku wuce Wadi Dum. Kai ba a haife ka ba lokacin da sojojinmu na Cadi ƙarƙashin kwamanda Hasan Jamus suka ƙwace sansanin sojan da ke nan daga hannun Libiya a watan Maris na 1987, amma nakiyoyin da aka binne a wajen ba su san yaƙi ya ƙare ba. Baƙi za su ga tankokin yaƙi a yashe su ce ka matsa su ɗauki hoto. Kada ka matsa. Tayarka a kan sawun tayar da ta riga ka, ko fitsari mutum zai yi ya tsaya a kan sawun. Ka ga ko nan ma ɗan jagora ake nema, don waya ba ta san inda aka share da inda ba a share ba.

To amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Mota ɗaya. Shi ne.

Ɗana, mota ƙarfe ce. Sabuwa dal ma tana mutuwa, balle taka da na san injinta ya sha buɗewa sau biyu. Famfon mai ya tsaya, lagireto ya fashe, ƙarfen ƙafa ya karye a rami, wanne ne a ciki ba ka gani da idonka ba a gareji? A Injamena abin wuni ɗaya ne. A Jurab in babu mota ta biyu, wannan ƙaramin abu shi ne ajali. Wayar baƙinka za ta nuna muku daidai inda kuke, har taki nawa ne zuwa ƙauyen Kuba Olanga, amma ba za ta ja ku ba, ba za ta ba ku ruwa ba. Kuma lokacin da kuka zaɓa lokacin iska ne. Tana fitowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta sauka kan kwarin Bodele, ta tashi ƙurar da har Garwa da Kano ake shaƙa. Ni na yi kwana uku a ƙarƙashin gingimari ban ga tafin hannuna ba. Da ta lafa babu sawu ko ɗaya, tudun da ke dama ya koma hagu. Wa zai bi sawunku ya same ku?

Ka tuna a watan Yunin 2022 da aka tsinci gawar mutum 20 kudu da Kufra ta Libiya, kusa da iyakarmu, a gefen motarsu da ta lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. Wani direba ne da ya biyo hanyar ya gan su, bayan komai ya wuce. Su ma da suka tashi ba wanda ya ce zai mutu.

Kuma ka san ba sai na je Kufra neman misali ba. Lokacin da baffanka ya rasu a hamada, da shekara biyu kacal ya ɗara shekarunka na yanzu. Har yau gwaggonka ba ta shiga ɗakina in ina ciki, har yau akwai masu cewa ni na tura shi. Ban tura shi ba, Allah shaida ne. Na riƙe rigarsa, na ce mu zauna a inuwar mota, ya ce rijiya kusa take, ya san wajen. Jarka ɗaya ta rage mana, na raba ta biyu na ba shi rabin da ya fi yawa. Me kuma zan yi, in ɗaure shi? Mu da muka zauna, ayarin 'yan ƙabilar Goran ya same mu a rana ta huɗu. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, ƙanwarka ma yanzu take ji: abokan tafiyarmu sun ce mu jira su kwana biyu a Salal, ni na ce dabino zai yi arha kafin mu kai. Ni na ce mu tafi mu kaɗai. Wannan kam nawa ne, da shi zan shiga kabari.

Shi ya sa raina ya ɓaci da kai. Kai da ka tashi a gidan da ake yi wa wannan mutum sadaka duk shekara, kai ne za ka karɓi kuɗi ka shiga Jurab da mota ɗaya? Don baƙo ya ce tsada? Baƙo bai san komai ba, a hoto ya ga hamada, amanarsa ya damƙa maka, kai ne ya kamata ka ce masa a'a. In bashin motar ne ya matsa maka, ba ka da uba ne? Ko girman kan ne har yanzu, tun maganar filin nan? Yaronka ko yaye shi ba a yi ba. Kana so ya tashi yana tambayar inda aka binne ka a rasa mai nuna masa?

Ƙanwarka ta ce in sassauta, tana kuka. To, na sassauta. Na san ba ganganci ne halinka ba, neman na kai ne, kuma a cikin 'ya'yana babu mai hannunka a inji.

Ga abin da nake roƙo. Ka koma wa baƙin ka ce mota biyu ko a fasa, da ɗan jagora ɗan ƙasar, Batube ko Bagorane wanda ya yi kiwo a wajen. In sun ƙi ƙarin kuɗin, na sayar da ragunan nan biyu na cika, kada ka ji nauyi. Ka ari Thuraya, wayar nan ta tauraron ɗan adam, ka bar wa mutum ɗaya a Faya da ni ranar da ya kamata ka iso kowane zango, ka kuma sa jandarmomi su rubuta ku a duk inda kuka wuce. Ruwa ka ɗauki na kwanakin tafiya ka ƙara na kwana biyar, a jarkoki daban-daban, kada a tanki ɗaya. In kuma Allah ya ƙaddara kuka tsaya, ka rantse mini ƙafarka ba za ta bar motar ba, ko rijiya kana hango ta. Ku yi inuwa, ku kwanta da rana, in kun ji ƙugin inji ku ƙona safaya hayaƙi ya tashi.

Kuma ka juya tafiyar, ku fara ta nan. Kwalta ce daga Injamena ta Mongo har ƙofar gida, daga nan Biltin, Kalayit, Fada. Ka kwana ɗaya, in sa kunnena a injin nan in ji da kaina. Innarka ta fara yanka kilishi, ta kuma fito da tsohuwar salkata tana jiƙa ta, wai ka rataya a gefen mota.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan maigidan. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka. Ina jiran kiranka kafin Juma'a.

Mahaifinka